Maleji ko waya, wa za a bi a kan Third Mainland?

Direban Agege: Salam jama'a. Wallahi yau raina ya ɓaci. Na ɗauko oga daga Ikeja za mu Obalende, muna kan gadar Third Mainland ta Legas allurar maleji tana kan 86 sai ya hau ni da faɗa wai ban san 80 aka ƙayyade a gadar nan ba ga kyamara, in tara ta zo a albashina zai cire. Ni kuma ga wayata manne a gilas Google Maps na nuna 80 cif, na nuna masa ya ce shi bai san waya ba. Malejin motocin nan duk ƙarya suke yi

Bakanike Idi-Araba: Ƙarya kuma? Malam gyara kalamanka. Da gangan ake ƙera shi haka. Ƙa'idar Turai ta ce kar allura ta taɓa nuna ƙasa da ainihin gudunka, amma an yarda ta ɗara da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Kana 80 ta nuna har 92 ba ta saɓa ba.

Ɗan Mile 12: To abin da ya ce 86 alhali 80 ne meye sunansa in ba ƙarya ba?

Malamin Alaba Rago: Ƙarya sai da niyya, ƙarfe kuwa ba shi da niyya. Ku daina wasa da kalmar nan

Ɗan Mile 12: Allah gafarta malam ai wanda ya ƙera yana da ita, yanzu Bakanike ya ce da gangan ne

Mai Corolla: Ni dai tawa ba ta ƙarya, shekara 6 ina Legas zuwa Kano da ita. Halan Honda ce

Direban Agege: Me ya kawo Honda nan?

Mai Corolla: Ka ga ni, na faɗa.

Bakanike Idi-Araba: Ku bar zancen kamfani ku duba taya. Maleji juyin ƙafa yake ƙirgawa, taya ta cinye sai ya ƙara nuna sama, ka je wajen mai faci ya sa maka wadda ta fi ta asali tsayi kuma sai ya koma nuna ƙasa, wannan ce mai hatsarin. Sannan tokunbo ta Amurka, wato motar hannu da aka shigo da ita daga can, manyan lambobin malejinta mil ne, 60 ɗinta ta kusa kilomita 97.

Mai Tirela Apapa: Wayar ma da kuke yabo shiga ƙarƙashin gadar Ojuelegba ka ga yadda lamba ke tsalle, tauraron ɗan Adam ba ya hango ka. Ka taka birki ma sai ta ɗan jima kafin ta sauko. Yaran yanzu komai waya

Ɗan Mile 12: Baba wa kake kira yaro? 'Ya'yana 4

Mai Tirela Apapa: Ina tuƙi tun kafin a buɗe gadar Third Mainland ɗin da kuke magana a kai a 1990

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma shi ne maleji ba ya ƙarya kamar yadda Malam ya yi bayani, a bi allura, kuma mai son kwanciyar hankali ya nemi Toyota. Ɗan Mile 12 ka ba Baba haƙuri.

Direban Agege: Shugaba yaushe aka cimma wannan? Ni ba wanda ya gaya min me zan ce wa oga gobe, ƙarfe 6 zan ɗauke shi