Taƙaitawa: Horon Ma'aikatan Motar Ɗaukar Marasa Lafiya

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan horon ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da aka faɗa saboda masu neman takardar shaidar aikin agajin gaggawa.

1. Baki ya zo ɗaya: kafin ka biya kuɗin kwas, ka tabbatar hukumar da ke ba da lasisin aiki ta amince da takardar makarantar.

2. Farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya shi ne ginshiƙin horon. A danna ƙirji sau 30, a hura numfashi sau 2, da saurin danni 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum. Tsofaffin hannu sun ce haddar lissafin ba ta isa ba, sai hannu ya saba a kan mutum-mutumin gwaji. Bayan minti 2 ƙarfi yana raguwa, dole ka yi canji da abokin aikinka.

3. Ka fara duba ko wurin da hatsarin ya faru yana da haɗari, ka sa safar hannu, sannan ka taɓa majinyaci.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce a yi ƙaramar takarda a kama aiki, sauran karatun ya biyo baya. Wasu sun ce a daure a yi dogon horon lokaci guda. Ni dai na fi karkata ga na farko, domin hawa motar ne ke nuna maka ko za ka iya jurewa.

5. Da dama sun ambaci ranar da majinyaci ya fara rasuwa a hannunsu. Sun roƙi sababbin ɗalibai kada su bar abin a ciki, su samu wani babba a wurin aiki su faɗa masa.