Muhawara: Akwai amintaccen mai kiwon pug, ko irin ne kansa ya zama cuta?

Malam Mai Horo: Batun da ke gabanmu yau shi ne maganar da wasu ke yi cewa babu mai kiwon pug, irin ƙaramin karen nan mai gajeriyar fuska, da za a kira amintacce, domin duk wanda ya haɗa karnukan nan biyu don su haihu ya san wahalar numfashi zai samar. Ni ina tare da maganar. A 2022 kwalejin likitocin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta duba bayanan asibitoci, ta samu pug ya ninka sauran karnuka fiye da sau 50 wajen kamuwa da toshewar hanyar numfashi da ake kira BOAS. Ƙashin fuska an gajarta shi, naman ciki kuwa yana nan yadda yake. Ƙofofin hanci sun matse, naman bayan ganɗa ya yi tsawo yana rufe maƙogwaro. Wannan minsharin da mutane ke sha'awa, kare ne ke faman jawo iska.

Likita: Malam, alƙalumanka daidai ne, amma hukuncin ya yi faɗi. Ba duk pug ne ya kamu ba, kuma akwai hanyar tantancewa. Tun 2019 Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila, da Jami'ar Kambirij suka fito da gwajin numfashi. Sai kare ya cika wata 12 ake yi masa. Likitan da aka horar zai saurari maƙogwaronsa yana hutawa, a sa shi sassarfa ta minti 3, a sake saurara nan take. Daga nan a ba shi mataki, 0 zuwa 3. Mai 0 da mai 1 ba su da alamar ciwon da ke damun su, mai 2 ya kamu, mai 3 ya yi tsanani kuma ba a yarda a haihu da shi ba. Ana maimaitawa duk shekara 2, saboda ciwon yana ƙaruwa da shekaru da ƙiba. Mai kiwon da ya ajiye maka takardar uwa da ta uba, duka 0 ko 1, masu kwanan wata na kusa, ba za ka haɗa shi da mai tara 'yan kwikwiyo a keji ba.

Hajiya: To ai takardar rajista ta Kennel Club ta wadatar, ko ba haka ba, Likita?

Likita: Ko kaɗan, Hajiya. Rajista asali take nunawa, wane ya haifi wane. Tana da 'yan sharuɗɗa masu kyau: ba sa rajistar haihuwa fiye da 4 daga karya ɗaya, ba sa karɓa in an haɗa ta kafin ta shekara, ko in an riga an yi mata tiyatar haihuwa sau 2. Amma ba ta gaya miki yadda kwikwiyon zai yi numfashi.

Malam Mai Horo: Ga inda gizo ke saƙar. Kwikwiyo ɗan sati 8 ba a iya yi masa wannan gwajin, kuma alamun sukan fito ne bayan ya girma. Gadon ba ƙwayar halitta ɗaya ke riƙe da shi ba, don haka uwa mai 0 da uba mai 0 suna iya haifar wanda zai ƙare a ɗakin tiyata, a buɗe masa hanci a rage naman ganɗa. Shi ya sa Holan ta bi ta wata hanya. Daga 2019 ta fara aiwatar da ƙa'idar cewa ba a haihuwa da karen da tsawon bakinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kansa ba. Pug na gasar nuni ba ya kusa da wannan ma'auni.

Likita: Na yarda gwajin rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi. Amma mutanen da suka ƙudura sai pug za su saya ko mun so ko mun ƙi. In muka ce duk masu kiwo ɗaya ne, mun tura su hannun dillalan intanet.

Ma'aikaciyar Gidan Ceto: Bari in kawo abin da ake dubawa ranar ziyarar mai kiwo don ganin kwikwiyo, don a nan ake yaudarar mutane. A Ingila tun Afrilun 2020 doka ta hana dillali ko kanti sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Sai daga hannun mai kiwon, a wurin da aka haife shi, uwarsa tana nan. Ba a raba su kafin sati 8, kuma dole a sa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata kafin ya bar gidan. In aka ce uwar ta je asibiti, ko a haɗu a gidan mai a miƙa miki shi, juya ki tafi. Wasu ma aron karya suke yi, to ki duba nonuwanta, ki ga ko 'yan kwikwiyon suna zuwa jikinta ita kuma tana karɓarsu. Ki roƙi a zagaya da ita tsakar gida. Ki tsaya gabanta ki kalli hancin: ƙofa ce a buɗe, ko tsaga ce siririya kamar an ja layi da reza? Lafiyayya tana tafiya baki a rufe, ba ƙara. Ki ɗaga naɗin fatar da ke saman hancin, in da ja ko danshi mai wari, ciwon fata ne. Idanu kada su yi bulo waje, kada a ga baƙin tabo yana hawa kansu.

Hajiya: Ban da numfashi, wace takarda kuma zan nema?

Likita: Gwajin ƙwayar halitta na kumburin ƙwaƙwalwar da ake kira PDE, wanda ke kawo farfaɗiya ga ƙananan pug kuma yawanci yana kashewa. Ba ya cewa wane zai kamu, yana nuna masu haɗari ne don kada a haɗa biyu irinsu. Sai a duba ƙoƙon gwiwar iyayen ko yana gocewa, da ƙashin baya, domin irin karkacewar da ta naɗe wutsiya tana iya samun gadon baya ta raunana ƙafafun baya. A ba ki katin allurar rigakafin farko mai sa hannun likita, da lissafin maganin tsutsar ciki, wanda ake farawa daga sati 2 ana maimaitawa duk sati 2. Kada ki ba da kafin alƙalami sai kin ga kare da idonki. Launin da aka sani su ne ruwan ƙasa mai haske, ruwan azurfa, mai ɗan ja-ja, da baƙi. Mai tallar “launin da ba a samu” da kuɗi ninki biyu, kasuwa yake yi.

Malam Mai Horo: Duk wannan a ƙasar sanyi ke nan. Kare da haki yake fitar da zafin jiki, pug kuwa hanyar hakin ce a toshe. Wanda zai ajiye shi a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, zafi ya haura 40, wuta kuma ba tabbas, ko iyayensa 0 ne yana iya rasa shi da rana ɗaya. A wannan yanayin amsata a'a ce, kowane ne mai kiwon.

Likita: A kan zafin ba ni da ja, Malam. Wanda ya riga ya mallaka, ya riƙe nauyinsa tsakanin kilo 6 da 8, ya sa masa ɗamarar ƙirji maimakon igiyar wuya, fita kuma sai da asuba ko bayan magariba. In ya ga harshe ya fara shuɗi ko yana tangaɗi, ya zuba masa ruwa mai sanyi tun a gida, sannan ya nufi asibiti da tagogin mota a buɗe.