Iskar ciki ko iskar daji? Yadda mafarkin baƙin sa ya hargitsa zaurenmu

Ɗan Indiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kam sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Kun tuna sati uku da suka wuce na ce muku dare uku a jere ina mafarkin baƙin sa yana bi na, ina gudu ƙafata na nutsewa kamar a cikin laka? Dariya kuka yi min, wani har da turo hoton sa. To kuskurena ɗaya, na faɗa wa Hajiyarmu a waya. Kafin la'asar ta je wajen wani malami, ya ce aikin maƙiya ne, sai an yanka baƙin rago. Wa zai biya? Ni. Kuɗin abincina na wata biyu na tura gida, yanzu shinkafa da romon wake nake ci safe da dare.

Abokin ɗakina a nan Indiya inda nake karatu ɗan Siri Lanka ne, mabiyin addinin Buda. Yana da wata ƙaramar kanta a saman gadonsa, da ɗan farin mutum-mutumi, da fitilar mai ta kasko da yake kunnawa da magariba. Da na ba shi labari bai tambaye ni ko ina da maƙiya ba. Cewa ya yi, me kake ci kafin ka kwanta? Lokacin jarrabawa ne, ƙarfe ɗayan dare nake loda jan wake da barkono in bi lafiyar gado. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko wani littafinsu, Tambayoyin Sarki Milinda. Sarkin nan asalinsa Bagirke ne, ya yi mulki a yankin da yake Pakistan a yau, kimanin shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya tambayi wani malaminsu mai suna Nagasena mene ne mafarki. Malamin ya ce masu mafarki iri 6 ne: wanda iska ta dama, wanda ɗacin matsarmama ya dama, wanda majina ta dama, wanda wani abin ɓoye ya saka masa, wanda ke maimaita abin da ya saba da shi, sai wanda aka nuna wa alamar abin da ke tafe. Ya ce na ƙarshen nan kaɗai ne gaskiya.

Nawa na iska ne. Kuma ina faɗa da babbar murya, yawancin mafarkin da ake zubar wa jini a garinmu na iska ne.

Na Kwari: Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗa. Iska ce. To malamin Hajiya me ya ce da ya wuce haka? Ka ga ke nan ragon bai tafi a banza ba.

Ɗan Indiya: Alhaji iskar ciki nake nufi. Kumburin ciki. Wake.

Uwar Biyu: Iska dai iska ce ƙanena. Kakarmu in yaro ya firgita cikin barci cewa take iska ta taɓa shi, a yi masa hayaƙi, kuma wallahi ya daina. Ashe su ma can sun san da iskokai.

Baban Gida: Tambaya gare ni. In mafarkin na iska ne, shi mai mafarkin ɗan mene ne?

Ɗan Indiya: Baban Gida ka goge maganar nan. Ban zage ka ba.

Baban Gida: Ni ma tambaya na yi, ban cike gurbin ba. Kai ka cike da kanka.

Ustaz: Innalillahi. An tura yaro karatun haɗa magunguna ya koma ɗaukar fassarar mafarki a wajen mai kunna wa mutum-mutumi fitila. Me muka rasa? Hadisi ya zo cewa mafarki uku ne: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda rai ke zantawa da kansa. Kuma mafarki nagari yanki ɗaya ne cikin 46 na annabta. Ina iska a nan?

Na Kwari: Tana nan mana Ustaz, na biyun. Shaiɗan ba iska ba ne?

Ustaz: Alhaji kada ka haɗa min hadisi da maganar 'yan bori.

Na Kwari: Wa ya kawo bori? Ni Bahaushe ne, abin da ba a gani iska nake ce masa.

Ɗan Indiya: Ku dubi lissafin don Allah. Iska ita ce ta ɗaya, abin ɓoye shi ne na huɗu. Da abu guda ne ai ba za a ƙirga su sau biyu ba. A likitancinsu na da, jiki yana da iska da ɗaci da majina, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo. Shi ke nan fa.

Uwar Biyu: To ai ga shi ka ce akwai na huɗu. Ta ina ka san naka ba na huɗun ba ne?

Malamar Tarihi: Ku ba ni minti biyu. Ɗan Indiya bai yi ƙarya ba, amma ya taƙaita. Akwai wani malaminsu, Buddhaghosa, da ya yi sharhin littattafansu a birnin Anuradhapura na Siri Lanka a ƙarni na 5. Shi 4 ya kasa su. Rikicewar jiki, abin da mutum ya taɓa gani ko ji, abin da halittun ɓoye suka saka, da alamar abin da zai faru. Biyun farko ba gaskiya ba ne, na ƙarshe gaskiya ne, na ukun kuwa ya ce yana iya zama gaskiya yana iya zama ƙarya, don mai sakawar yana iya nufin alheri, yana iya nufin cuta. Saboda haka ba su ce duk mafarki wake ne ba. Labarin haihuwar Buda ma da mafarki ya fara, mahaifiyarsa Maya ta ga farar giwa mai haure 6 ta shiga ta gefenta na dama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda sarkin ya ce, to mai mafarki barci yake ko idonsa biyu? Nagasena ya ce ba ɗaya. In barci ya yi nauyi zuciya ta nutse, ba ta ganin komai, kamar madubi a cikin duhu. In an farka kuma hayaniya ta yi yawa. Mafarki a tsakani yake zuwa, a ɗan gyangyaɗin nan mara nauyi da ya kira barcin biri. Ya ƙara da cewa zuciya ba ta fita neman mafarki, shi yake zuwa ya faɗo mata, yadda madubi ba ya tashi ya je neman fuska.

Baban Gida: Yau ga biri ya yi kama da mutum. Da ɗan iska ne, yanzu kuma an koma biri. Ɗan Indiya ka yi haƙuri, ba ni na faɗa ba, Malama ce.

Manomi: Malama da girmanki, barcin zomo aka sani. Ni da nake kwana a gona ina gadin masara, ban taɓa ganin biri yana barci ba.

Malamar Tarihi: Ai shi ya sa aka yi misali da shi Malam.

Manomi: To a ce zomo mana. Wa ya fassara?

Na Kwari: Giwa mai haure shida kuma? Wannan ai sai a fim ɗinsu.

Ustaz: Malama ke da ya kamata ki tsawatar, ke ce kike ƙara masa itace.

Malamar Tarihi: Ustaz sanin abin da wasu suka ce ba bin su ba ne. Kai da kanka ka karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. To su ma a cikin dokoki 227 na sufayensu maza, akwai wadda ta hana fitar da maniyyi da gangan, sai aka ce ban da a mafarki. Hujjarsu ita ce akwai niyya a mafarki, amma ba ta kai a kama mutum da ita ba. Wannan ba abin a tsaya a duba ba ne?

Ustaz: Subhanallah, a zauren da ke da matan aure.

Uwar Biyu: Ustaz mu da muka haifi biyu-biyu, bar mu mu ji.

Baban Gida: Ashe dai maganar iskancin ce tun farko.

Ɗan Indiya: Kun ga irinta ko? Ni maganar rago na kawo. Bari in ba ku labarin da ya sa na yi wannan rubutun. A cikin labaransu na Jataka, wato labaran rayuwar Buda ta baya, na 77, Sarki Pasenadi na Kosala, wata tsohuwar masarauta a arewacin Indiya, ya yi mafarkai 16 a dare ɗaya. Na farkon ma baƙaƙen shanu huɗu ne suka taho daga kusurwa huɗu kamar za su gwabza, aka taru kallo, suka yi ta ruri suka watse ba su yi faɗan ba. Ya ga doki mai baki biyu yana cin harawa ta ko'ina. Ya ga duma yana nutsewa a ruwa, duwatsu suna yawo a sama. Ya ga kwaɗi suna haɗiye macizai. Bokayen fada suka ce masifa ce, a tara dabbobi a yanka, don sun san rabonsu na ciki. Matarsa Mallika ta ce kafin a zubar da jini je ka tambayi Buda. Buda ya ce babu abin da zai same ka, wannan na wani zamani ne mai zuwa da shugabanni za su lalace. Shanun nan hadari ne da zai haɗu ya yi ta tsawa ba ruwa. Doki mai baki biyu alƙalai ne masu karɓa a hannun mai ƙara da wanda ake ƙara. Aka saki dabbobin. Ni nawa ragon an riga an cinye.

Manomi: Hadarin nan kam mun gan shi bana.

Na Kwari: Dakata. Ka ce nasa ma baƙin sa ne, kuma aka ce gaskiya ne. To me ya sa naka ya zama wake? Shi sarki ba ya cin wake?

Ɗan Indiya: Alhaji abin da nake nunawa shi ne ko mafarkin gaskiya ne ba a ce a yi yanka ba.

Na Kwari: Wato malamin Hajiyarku boka ne. Faɗi kanka tsaye.

Ɗan Indiya: Ban ce ba.

Malamar Tarihi: Ka manta wanda ya fi dacewa da zauren nan. A cikin sha shidan akwai babban tulu cike fal a ƙofar fada, kewaye da tuluna wayam, mutane na ta zuwa da ruwa suna zubawa a cikakken yana malala ƙasa, ba mai kallon sauran.

Uwar Biyu: Allah ya biya ki Malama. Bikin 'yar Alhaji an tara gudunmawa cikin kwana biyu. Ni da aka kwantar da yarona a asibiti sati guda, "Allah ya sawwaƙe" na samu, sai hoton hannu biyu.

Ma'aji: Hajiya ki ji tsoron Allah. Doka ce muka yi tun kafa zauren, biki da suna da rasuwa. Jinya ba ta ciki. Kuma watanni huɗu ba ki biya kuɗin wata ba.

Uwar Biyu: Tona min asiri za ka yi? To karanto sunan kowa, har na abokinka.

Na Kwari: Ni ban roƙi kowa ba. Wanda ya ba ni don Allah ya ba ni, wanda yake so in mayar masa ya turo lambar asusu yanzu.

Baban Gida: Alhaji na turo ta bayan fage.

Ma'aji: Baban Gida kai ko sisi ba ka bayar ba.

Manomi: Har yanzu ba a ba ni amsa ba, zomo ne ko biri?

Ɗan Indiya: Jama'a abu ɗaya ya rage in faɗa. Abokin nawa ya ce a wajensu maganin mugun mafarki shi ne kafin ka kwanta ka zauna ka yi wa kowa fatan alheri a zuciyarka, har wanda ba ka so. Suna da nassi mai lissafa amfani 11 na yin haka, uku na farko su ne barci cikin daɗi, tashi cikin daɗi, da rashin mugun mafarki. Kuma sunan Buda kansa ma'anarsa wanda ya farka. Malamansu ma sun ce wanda ya kai ƙarshen tafarkin ba ya mafarki kwata-kwata.

Ustaz: Mu muna da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. In ka ga abin ƙi ka yi tofi ta hagu sau uku, ka nemi tsari, kada ka faɗa wa kowa. Da ka bi wannan da Hajiya ba ta ji ba, da kuɗinka na aljihunka.

Malamar Tarihi: Wannan kam Ustaz ya fi kowa gaskiya yau.

Na Kwari: Ni ma ba na mafarki. Ina kwanciya sai asuba. Ashe na kai ƙarshen tafarki.

Baban Gida: Kai bashin mutane ne ya hana mafarkin zuwa, yana tsoron a kama shi jingina.

Shugaba: Ya isa haka. Na bi saƙonnin duka tun daga sama, ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kowa ya yarda har su mabiya Buda sun tabbatar akwai iskokai kuma suna shiga mafarki, kamar yadda Alhaji Na Kwari ya yi bayani tun farko cikin hikima. Na biyu, tunda shi Ɗan Indiya da kansa ya ce tun da aka yanka ragon bai sake ganin san ba, magana ta ƙare, ya kira Hajiya ya ba ta haƙuri. Na uku, maganar tulu ba ta da alaƙa da zauren nan, kuma Alhaji mutum ne mai hidima da jama'a, ko taronmu na bara shi ya sayi lemo. Malama a riƙa taƙaitawa, ba aji muke ba. Batun zomo da biri an bar wa Manomi. An rufe.

Ɗan Indiya: Shugaba a ina na ce haka? Waken tsakar dare na daina ci!

*Ɗan Indiya ya fita daga zauren.*

Na Kwari: Kai, iska na wahalar da mai kayan kara. Wa ke da lambarsa ta can? Ina so ya tambayo min farashin yadi a Surat kafin Sallah.