Yaushe Aka Fara Ɗaukar Fim a Dajin Amazon?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Na kalli Fitzcarraldo, fim ɗin Werner Herzog na 1982, kuma har yanzu ina jinjina wurin da aka ja jirgin ruwa aka haye tudu da shi a tsakiyar daji. Ina roƙon masana su bayyana mini ko da gaske aka yi hakan, sannan ko akwai waɗanda suka riga shi shiga Amazon da kyamara.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. An riga shi da shekaru masu yawa. Tun 1913 Silvino Santos ya ɗauki fim a yankin kogin Putumayo da ke cikin Amazon, kuma wanda ya ɗauki nauyinsa shi ne Julio César Arana, attajirin roba da ake tuhumar kamfaninsa da azabtar da mutanen dajin, don haka aikin na wanke suna ne tun daga tushe. Daga baya, a 1922, Santos ya fitar da fim ɗin No Paiz das Amazonas a Burazil. Wannan mafari yana ci mini rai, domin a wancan lokacin kyamara ta shiga wurin ne a hannun ma'aikacin mai kuɗi.

Mai Kyamara:
Batun jirgin gaskiya ne, 'yar'uwa. Nauyinsa ya kai kimanin tan 320, kuma da igiyoyin ƙarfe da katafila da ƙarfin ɗaruruwan 'yan ƙabilar Ashaninka aka ja shi a kusa da kogin Camisea na ƙasar Peru, cikin laka mai santsi. Shi kuwa Carlos Fitzcarrald na ainihi, wanda aka ari labarinsa, kwance nasa ƙaramin jirgin ya yi aka ɗauka gunduwa-gunduwa a 1894. Wahalar ɗaukar fim ɗin Herzog ba ta tsaya nan ba: a 1979 mutanen Aguaruna suka ƙone sansanin farko saboda ba su yarda da zaman 'yan fim a ƙasarsu ba, sannan atini ya kwantar da jarumin fim ɗin, Jason Robards, bayan an yi nisa da ɗauka, dole aka koma farko da Klaus Kinski a madadinsa. Les Blank ya ɗauki abin da ya gudana a bayan fage a cikin Burden of Dreams, kuma a ganina ya kamata ki haɗa su biyun ki kalla.

Tsohon Malami:
Na gode da wannan ƙarin, Malam. Ki nemi kuma Embrace of the Serpent na Ciro Guerra, wanda aka ɗauka a yankin Vaupés na Kolombiya aka fitar a 2015. Jigon labarin ɗan daji ne mai maganin gargajiya, yana magana da harshen yankin, Turawan kuma su ne baƙin da ke bin sawunsa a cikin kwalekwale.

Ɗalibar Tarihi:
Allah ya saka muku da alheri. Da na Les Blank zan fara, domin ina son in ga fuskokin waɗanda suka ja igiyar.