Me za mu kira "étalonnage" da Hausa?

Jama'ar Damagaram, barkanmu da warhaka. Ina neman kalmar da za mu riƙa faɗa wa yara masu koyon haɗa kayan awo maimakon kalmar Faransanci étalonnage. Kowa "gyara" yake cewa, alhali babu abin da ya lalace.

Ga aikin. Ɗauki ma'aunin nan mai sukuru na auna kaurin abu tsakanin bakuna biyu, wanda Jean-Laurent Palmer ya yi wa rajista a Faransa a 1848. Juyi ɗaya na sukurun rabin milimita ne, an kuma raba gewayen mariƙin gida 50, kowane gida 0.01 na milimita ke nan. Mai haɗawa zai goge bakunan biyu, ya ɗaure, ya ga sifili ya hau sifili. Sannan ya ɗauko 'yan tubalan ƙarfe da aka tabbatar da kaurinsu, irin na Johansson ɗan ƙasar Suwidin, ya auna su, ya rubuta ratar da ya gani tsakanin abin da ma'aunin ya nuna da ainihin kaurinsu. Wannan matakin nake nema wa suna.

Wani bakanike daga Zango:
Malam, "saiti" mana. Shi muke cewa a gareji.

Amsa:
Maigida, saiti sai ka taɓa ma'aunin ka juya wani abu. Nan kuwa hannunka ba ya canza komai, kana dai kama shi ne ko yana ƙarya.

Wata malamar lissafi:
To "daidaitawa" ma ta faɗi ke nan. Ni dai "awon ma'auni" zan ce. Kamar yadda ake juye tiyar da ake shakka a cikin tiyar da kowa ya yarda da ita a Kasuwar Dole. Su kuma tubalan a kira su "uwar ma'auni".

Amsa:
Malama, kin kawo ta. Har ta ba ni hanyar yi wa yara bayanin zafi. Ƙa'ida ita ce a yi awon a digiri 20, don sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana miƙewa da wajen 0.01 na milimita duk digiri ɗaya. Mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Ko riƙe tubalin a tafin hannu na ɗumama shi, shi ya sa ake ajiye shi ya huce tukuna.

Bakanike:
"Awon ma'auni" ya yi tsawo a baki, amma na bi. Saitin fa?

Amsa:
Yana nan daram, Maigida. In awon ma'auni ya nuna rata ta wuce kima, sai a yi saiti, a sake awon.