Ƙafafun Babanmu suna dindiris, tsufa ne kawai?

Ɗan Pantami:
Salam jama'a. Babanmu ya haura 70, kullum yana cewa tafin ƙafarsa kamar ana tsira masa allura, wani lokacin kuma silifas ya fita bai ma sani ba, ga tangaɗi in zai je masallaci da asuba. Tsufa ne ko cuta?

Maman Biyu:
Allah ya ba Baba lafiya. An gwada masa suga kuwa? Ciwon suga na cinye jijiyoyin ƙafa a hankali, daga yatsu yake farawa.

Malamin Asibiti Bolari:
Gaskiyar Hajiya. Tsufa kansa na rage saurin saƙon jijiya, amma kar a jingina masa komai, ƙarancin bitamin B12 ma na kawo haka musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin. Ku kai shi FTH, asibitin koyarwa na tarayya, a yi gwajin jini. Kuma don Allah lokacin hunturu kar a ajiye masa kasko kusa da ƙafa, zai ƙone bai ji ba. A riƙa duba tsakanin yatsunsa kullum.

Ɗan Pantami:
Na gode Malam. Sandar dogarawa ce dai ya ƙi, wai shi bai tsufa ba.

Maman Biyu:
Hhh a sa jikoki su lallaɓa shi, karayar ƙugu ba wasa ba ce.