Kalmar shahada a jikin kuɗin Mongol: imani ne ko kasuwa?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Na ga hoton dirhamin azurfa na zamanin Hulaku, sarkin Mongol da ya mulki Farisa, ga kalmar shahada ɓaro-ɓaro a jiki. Ni dai na ce mutumin nan ya musulunta a ɓoye. In ba haka ba, me ya haɗa shi da ita?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Hulakun da ya ci Bagadaza a 1258 ya kashe Halifa Musta'asim? Har ya mutu a 1265 bai musulunta ba. Kakansa Jangis Khan ma an buga kuɗi da sunansa a Gazna wajen 1221, haɗe da sunan Halifa Nasir. Masu bugun kuɗin Musulmin garuruwan ne, abin da hannunsu ya saba sassaƙawa suka ci gaba da shi.

Ɗan Canji: Gaskiyarka, Malam. Kuɗi ai yarda ce. Kwabon Turawa mai huji ma da rubutun Larabci ya zo mana, wa ya ce Sarkin Ingila ya musulunta?

Ɗalibi: To ai rubutun Larabci daban, shahada daban, Alhaji.

Malamin Tarihi: To ji wannan. Zamanin Abaka, ɗan Hulaku, dirhamin da aka buga a Jojiya da Larabci ne shi ma, amma kalaman Kiristoci ne a jiki, har da gicciye. Sarki ɗaya fa, ga masu shahada ga masu gicciye. Kowace ƙasa da abin da mutanenta za su karɓa.

Hajiya: Malam, kada dai a share komai da sunan kasuwa. Gazan, jikan Abaka, ya musulunta a 1295, ya gyara nauyin dirhami. Ƙanensa Uljaitu da ya koma Shi'a sai ga sunayen imamai 12 a kuɗinsa, Abu Sa'id ɗan Uljaitu ya dawo da na halifofi huɗu. Wannan ba zaɓin maƙeri ba ne, daga fada ya fito.

Malamin Tarihi: Daga kan Gazan ban musa miki ba, Hajiya. Kafin shi ne nake ja.

Ɗan Canji: A 1294 Sarki Gaihatu, ɗan Abaka, ya kawo kuɗin takarda birnin Tabriz, shahada na jiki, mutane suka rufe shaguna. Wata biyu bai cika ba aka janye. Azurfarsu suke so.

Ɗalibi: Na sauka a kan Hulaku. Amma Barka, ɗan'uwansa da ya yaƙe shi, shi kam Musulmi ne, ko shi ma za ku ce kasuwa ce?